IN AN ƘONE ƊAKIN SUJADA, ME MAI BI ZAI YI?

Karatu: Luka 9:51-56 da Ayyukan Manzanni 16:11-40

Ina gaida ku da ke zaune a rumfunan kasuwa, masu awon hatsi, da 'yan koli, da mahauta, da teloli, da mata masu tuya a bakin hanya, da direbobi masu jiran lodi a tasha. Ina gaida mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, da 'yan'uwanmu mazauna zango a Kumasi da Garwa da Njamena. Ina kuma gaida maƙwabtanmu Musulmi waɗanda su ke saurare tare da mu, gama maganar yau ta shafe su, ba kuwa zan faɗi abin da zan ji kunyar faɗa a gabansu ba.

Ni katakis ne. Aikina koya wa yara da masu neman baftisma. Karatuna bai wuce na makarantar mishan ba, saboda haka ba zan yi muku maganar manyan malamai ba. Abin da idona ya gani, da abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mini a kansa, shi zan faɗa muku.

Da yawa cikinku kun tuna da watan Janairu na 2015. A birnin Paris na ƙasar Faransa wata jarida mai suna Charlie Hebdo ta buga zane na ɓatanci ga Annabin Musulunci, bayan an kai wa ofishinta hari ran 7 ga watan, aka kashe mutum 12. Zanen nan ya ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Mu ma ba mu ga kyansa ba, gama bangaskiyarmu ba ta koya mana yi wa addinin wani ba'a ba. Masu zanen kuwa ba da sunan Almasihu suka yi ba, jaridar nan ta sha yin ba'a ga Almasihu da ikilisiya ma. Duk da haka ran Jumma'a 16 ga Janairu tarzoma ta tashi a Damagaram, aka sa wa ɗakunan sujada wuta. Kashegari, ran Asabar, ta tashi a Yamai, inda 'yan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone. Cikin kwana biyun nan mutum 10 suka rasu, gwamnati ta sa aka yi makoki na kwana uku.

Abin bai tsaya nan ba. Ran 12 ga Mayu, 2019, 'yan bindiga suka shiga majami'a a garin Dablo na Burkina Faso ana cikin sujada, suka kashe mutum 6, har da fada mai bi da sujadar, suka ƙone ɗakin. A watan Yuni na shekarar nan kuma aka ƙone wani ɗakin sujada a unguwar Zariya ta Maraɗi. To, tambayar da ke gabanmu ke nan: in irin wannan rana ta zo, me mai bin Yesu zai yi?

Abu na fari, ya yi kuka. Kada wani ya ce maka kuka rashin bangaskiya ne. Sa'ad da muka koma muka ga ɗakin sujadarmu, kwanon rufi ya faɗo, bencuna sun zama toka, littattafan waƙa da na addu'a sun ƙone, na ga tsofaffi suna hawaye kamar yara. A ɗakin nan aka yi musu baftisma, a nan aka ɗaura aurensu, daga nan aka ɗauki gawar iyayensu. Kuɗin da aka gina shi kuwa na baiko ne, dala-dala, daga ribar ƙosai da ta goro da ɗinki. Ku buɗe Zabura ta 74 ku karanta. Mawaƙin ya ga abokan gāba sun sassare Haikalin Urushalima da gatura sun sa masa wuta, ya kawo ƙararsa gaban Allah, yana tambaya har yaushe abin zai daɗe. Allah bai tsauta masa ba, ya ma sa aka ajiye kukansa cikin Littafi domin mu. Amma ku lura da inda ya kai kukan. Wurin Allah ya kai shi. Baƙin cikin da aka kai gaban Allah ya kan huce, wanda aka kai majalisar samari da dare ya kan zama wuta.

Abu na biyu, mai bi ya tuna ginin da aka ƙone ba shi ne ikilisiya ba. Ikilisiya mutane ne, waɗanda Almasihu ya fansa da jininsa. A karatunmu na yau mun ga yadda Bishara ta shiga birnin Filibi. Babu majami'a, babu ƙararrawa. Bulus ya tarar da waɗansu mata suna addu'a a bakin kogi. Cikinsu akwai Lidiya, 'yar kasuwa kamarku, mai sayar da tufafi masu rinin shunayya. Ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma da mutanen gidanta, gidanta kuwa ya zama wurin taron masu bi. Haka kuma Akila da matarsa Bilkisu, waɗanda a ke kira Biriskilla, masu ɗinkin tanti ne, a gidansu jama'a ta ke taruwa.

A shekara ta 303 bayan haihuwar Almasihu, Sarkin Rum mai suna Diyokletiyan ya sa aka rushe babbar majami'ar Nikomidiya, a ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, ran 23 ga Fabrairu. Kashegari aka kafa doka a rushe majami'u ko'ina cikin mulkinsa, a ƙone Littattafai Masu Tsarki. Aka rushe, aka ƙone, aka kashe masu bi da yawa. Shekara goma ke nan, a 313, sarakunan da suka biyo baya, Kustantin da Lisiniyas, suka yi shela a mayar wa masu bi wuraren sujadarsu. Sarkin nan ya iya rushe tubali, amma jama'ar ta fi ƙarfinsa. Mu ma haka muka gani. Bayan wutar 2015 mun yi sujada a tsakar gida da ƙarƙashin rumfar zana, muna zaune a kan tabarmi, masu waƙa suna rerawa da ka, tun da ya ke littattafai sun ƙone. Ban taɓa jin addu'a mai nauyi kamar ta kwanakin nan ba.

Abu na uku shi ne mai wuya: kada mai bi ya rama. A nan sai in tona wa kaina asiri. A 2015 ni saurayi ne mai zafin kai. Cikin taron da suka zo da wuta na gane wani yaro, mai turin amalanke a kasuwa, wanda uwata ta sha ba shi dako. Da hankali ya ɗan kwanta, mu huɗu muka yi shawara a ɓoye mu sayi fetur mu ƙone rumfar maigidansa da dare. Muka ce ai ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ban san yadda aka yi maganar ta kai kunnen tsohon katakis wanda ya koya mini karatu ba. Ya aika aka kira ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, rumfar nan da ku ke so ku ƙone, jikin rumfar wa ta ke?" Na ce, "Baba, jikin ta mai tabarmi." Ya ce, "Ta mai tabarmi fa, jikin ta wa?" Na yi shiru, gama na tuna layin nan guda ne, zana jikin zana, har ya kai ga rumfar uwata. Ya ce, "Ga shi hunturu ne, iska tana kaɗawa. In kun kunna, wa zai ce wa wutar ta tsaya nan?"

Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin gobara. Ba ta tambayar sunan mai rumfa, ba ta tambayar addininsa. Ramuwa haka ta ke. Ka ƙone na wanda ya ƙone naka, ɗan'uwansa ya ƙone na ɗan'uwanka, kafin mako ya zagayo waɗanda ba su ji ba su gani ba su ne a makabarta.

Daren nan tsohon ya karanta mini Luka sura 9. Yesu yana kan hanyar Urushalima, ya aiki manzanni wani ƙauyen Samariyawa su shirya masa masauki, mutanen ƙauyen suka ƙi karɓarsa. Yakubu da Yohanna suka husata, suka nemi izni su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ga su almajirai na kusa, kishin Ubangijinsu ne kuwa ya motsa su. Amma Yesu ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye. In Ubangiji ya hana wutar sama, ina gaskiyar mai kwalbar fetur? Haka kuma a gonar Gatsemani, daren da aka kama shi, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Yesu ya umarce shi ya mayar da takobin kube, ya taɓa kunnen mutumin ya warkar da shi. Al'ajibi na ƙarshe da ya yi kafin gicciye, wa ya yi wa? Ɗaya daga cikin masu kama shi. Manzo Bulus ma cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 12, ya koya mana sakayya ta Allah ce, aikinmu shi ne mu ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa. Wanda ya ce zai kāre sunan Yesu da abin da Yesu ya hana, sunan ya ke ɓatawa.

Abu na huɗu, kada mai bi ya auna dukan maƙwabtansa da mudu ɗaya. Ran Jumma'an nan, sa'ad da hayaƙi ya tashi, wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofarmu maƙwabcinmu ne, wani Alhaji mai sayar da goro. Ya ce wa uwata, "Maƙwabciya, kwaso yara ku shigo, kada ki tsaya ɗaukar kome." Ya shigar da ita da ƙannena mata cikin matansa, mu maza ya sa mu a ɗakin baƙi, shi kuwa ya shimfiɗa buzu a bakin zaure ya zauna da carbinsa. Samari suka zo suna tambaya, ya ce musu duk wanda ke cikin gidan nan iyalinsa ne. A gidansa muka kwana, kafin mu tafi barikin soja inda ɗaruruwan masu bi suka fake. Rumfar Alhajin nan tana cikin layin da na so in sa wa wuta. Har yau in na tuna, sai kunya ta rufe ni.

Irinsa suna da yawa. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar cikin ƙasar Barikin Ladi a Nijeriya, wani tsohon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba maharan hanya, yana roƙonsu da ransa. Shugaban ƙasarmu na lokacin wutar 2015, Mahamadu Isufu, wanda shi Musulmi ne, ya fito ya ce masu washe majami'u da tsananta wa Kirista ba su fahimci Musulunci ba. Mu tuna kuma masallatai ma sun sha wuta. Ran 28 ga Nuwamba, 2014, aka kai hari babban masallacin Kano ana sallar Jumma'a, mutum fiye da 100 suka mutu. Uwar da ta rasa ɗanta a masallacin Kano da wadda ta rasa nata a majami'ar Dablo, hawayensu iri ɗaya ne. Saboda haka in aka taɓa masallaci, mai bi ya zama cikin na fari masu kawo ruwa da masu zuwa jaje. In kuwa wata rana Musulmi ne a ke kora a inda ku ne masu yawa, to, lokacin biyan bashin Alhaji mai goro ya yi. Ku buɗe ƙofa.

A nan sai in ja kunnenmu a kan baki da kuma wayar hannu. Tarzoma da yawa daga jita-jita su ke tashi. Wani ya turo maka hoton gini yana ci da wuta, ba ka san garin ba, ba ka san shekarar ba, kai kuma ka tura wa mutum hamsin. Kai da ba ka sayen buhun gero sai ka soka hannu ka duba ƙwayar, don me za ka karɓi labari ba bincike? Mai wa'azi kuma ya yi shelar Almasihu, ya bar zagin abin da maƙwabcinsa ya ke girmamawa. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu a wasiƙarsa ta fari, in za mu sha wuya, ya zama saboda aikin kirki ne, kada ya zama saboda laifin da muka jawo da kanmu.

Abu na biyar, haƙuri bai hana neman gaskiya wurin hukuma ba. Waɗansu suna tsammani mai bi sai ya naɗe hannu, a mare shi ya yi shiru har abada. Ku duba Bulus a Filibi. Aka yi masa dūka shi da Sila a bainar jama'a, ba shari'a, aka jefa su kurkuku. Da tsakar dare ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, yari ya zare takobi zai kashe kansa, yana zaton 'yan sarƙa sun gudu. Bulus ya ɗaga murya ya hana shi, ya ceci ran mutumin da ya sa ƙafafunsa a turu. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ƙi. Ya ce su 'yan ƙasar Rum ne, an dūke su ba bisa doka ba, sai mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Suka zo, suka ba su haƙuri. Mutum ɗaya, cikin dare ɗaya, ya yi wa yari jinƙai, ya kuma riƙe mahukunta da dokarsu.

Mu ma 'yan ƙasa ne, muna biyan haraji da kuɗin rumfa. In an ƙone ɗakin sujada, dattawan ikilisiya su rubuta abin da ya ɓace, su kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, su je wurin sarki da mai unguwa da gwamna. Wanda ya ga abin da idonsa ya ba da shaida ta gaskiya, kada ya ƙara, kada ya rage, kada kuma ya ambaci sunan wani don tsohuwar gāba ta kasuwa. Hukuncin mai laifi aikin alƙali ne.

Tsaro kuma ba rashin dogara ga Allah ba ne. Sa'ad da Nehemiya ya ke gyaran garun Urushalima, maƙiya suka yi shirin kawo hari, sai ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Rigakafi ya fi magani. Ku san mai unguwarku da limamin unguwarku tun ana zaman lafiya, ku je sunansu da jana'izarsu, ku kai musu gaisuwar salla. Ranar tashin hankali ba ranar fara sanin juna ba ce. Ku shirya ta inda mata da yara da tsofaffi za su fita in abu ya taso. In kun ji ƙishin-ƙishin, ku sanar da hukuma da wuri. In kuwa taro ya zo da wuta, ku fita ku bar musu ginin. Za a sāke sayen kwano da siminti, amma babu kasuwar da a ke sayar da rai.

Abu na shida, gafara. Ubangijinmu yana kan gicciye ya roƙi Uba ya gafarta wa masu kashe shi. Istifanas, ana jifansa da duwatsu, ya roƙa kada a ɗora wa masu jifan zunubin. A wurin nan akwai wani saurayi mai tsaron rigunan masu jifa, sunansa Shawulu. Daga baya ya riƙa bin gida-gida yana jan masu bi zuwa kurkuku. Shi ne ya zama Bulus wanda mu ke karanta wasiƙunsa yau. Wa ya sani ko cikin yaran da suka ɗauko fetur akwai wanda Allah ya ke da aiki da shi?

Ba zan ruɗe ku in ce gafara tana da sauƙi ba. Yaron nan mai amalanke, shekara biyu ina ganinsa a kasuwa ina kau da kai. Kowace Lahadi ina koya wa yara Addu'ar Ubangiji, in mun kai wurin roƙon gafara sai harshena ya yi nauyi, gama na sani mudun da na ke auna wa yaron nan, da shi na ke roƙo a auna mini. Ran nan na ji uwarsa ta rasu. Na yi ta kai da kawowa a zuciyata, daga bisani na tafi gaisuwa, na zauna a tabarma tare da jama'a, na yi masa ta'aziyya. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Bai taɓa ce mini ya yi laifi ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Amma tun daga ranar muna gaisawa, uwata kuma ta koma ba shi dako. Abin da ke zuciyarsa Allah ya sani. Abin da na sani shi ne, dutsen da ya danne ƙirjina shekara biyu ya sauka.

Daga ƙarshe, mai bi ya tashi ya yi gini, ya kuma zauna a garinsu. Mu Kirista a Nijar ba mu kai biyu cikin ɗari ba, amma nan aka binne cibiyarmu. Kafin a sayi tubali, a fara duba gwauruwar da aka kashe mijinta, da mai rumfar da jarinsa ya ƙone, da yaron da ya ke firgita cikin barci. Su ne haikalin Allah na gaske. Sa'an nan a sa hannu a ginin, kowa gwargwadon ƙarfinsa, mai buhun siminti da mai tulun ruwa. Littafin Ezra sura 3 ya ba da labarin ranar da aka sa harsashin sabon Haikali, bayan sojojin Babila sun ƙone na fari. Tsofaffin da suka san na dā suna kuka, sauran jama'a suna sowa don murna, har ba a iya rarrabe muryoyin ba. Ranar da muka koma ɗakin sujadarmu bayan an gyara shi, haka ta kasance.

Ya kai mai sauraro, watakila a daren nan akwai wuta a zuciyarka saboda abin da aka yi maka, ko aka yi wa naka. Yesu ya san zafin, gama shi ma an ƙi shi, an dūke shi, an kashe shi ba laifi, ya kuwa tashi daga matattu a rana ta uku. Kawo masa wutar nan kafin ta ci ka, ta ci maƙwabcinka. Mu yi addu'a.

Ya Allah Ubanmu, kai ka ga tokar ɗakunan da a ke kiran sunanka a ciki. Ka ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu, a majami'a ko a masallaci. Ka riƙe hannuwan samarinmu daga ramuwa. Ka sāka wa maƙwabtan da suka ɓoye mu da alheri. Ka ba mahukuntanmu adalci da ƙarfin zuciya. Ka juyo da waɗanda suka kunna wuta zuwa ga tuba, ka kuma gafarta mana muguntar da mu ma muka ƙulla a zukatanmu. Ka ba ƙasashenmu da kasuwanninmu zaman lafiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Wanda takardar nan ta shiga hannunsa, in ya gama karantawa, ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa wanda bai iya karatu ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.